Amsoshin Tambayoyinku: Hutu a Tsibiri, Bakin Teku da Namun Dawa

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan daga Legas suka fito, kuma kusan dukkansu a kan abu guda suke, wato tafiya hutu zuwa tsibiran da ke yankuna masu zafi. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita su saboda ƙarancin fili, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai sayar da wayoyi a Ikeja, kuma in Allah ya yarda za a ɗaura mini aure bayan Babbar Salla. Ina da niyyar kai amaryata Zanzibar mu yi mako guda. Sai dai wani abokina da ya je bara ya dawo yana ƙorafin cewa otal ɗin da ya sauka ya yaudare shi, domin a hoto ruwa yana kusa da ƙofar ɗaki, amma da ya isa sai ya tarar teku ya yi nisa har da ƙyar ake hango shi. A wane ɓangaren tsibirin ya kamata mu sauka, kuma a wane wata?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya. Ba na jin otal ɗin ya yaudari abokinka. Hoton gaskiya ne, sai dai an ɗauke shi a sa'ar da teku ya cika, shi kuwa ya leƙa a sa'ar da ya janye. Mu mazauna Legas ba mu cika lura da wannan al'amari ba, domin bambancin da ke tsakanin cika da janyewar teku a gaɓarmu bai wuce kimanin mita 1 ba, gaɓar kuma tana da gangare, saboda haka ruwan ba ya yin nisa ko da ya ja baya. A Zanzibar bambancin yakan kai kusan mita 4, gaɓar gabashin tsibirin kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa a garuruwa irin su Paje da Jambiani ruwan yakan ja da baya fiye da kilomita guda, ya bar kwale-kwalen masunta a kwance a kan rairayi. Hakan yana faruwa sau biyu a cikin dare da yini, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Lissafin ba zai yi maka wuya ba tunda kana bin watan Musulunci: janyewar ta fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen ranakun 14 da 15 ga wata, ta fi sauƙi a kwanakin da wata yake rabi. Kowane otal na kirki yana da jadawalin waɗannan sa'o'i, kuma shi ne abu na farko da ya kamata ka nema kafin ka tambayi lokacin karin kumallo.

Idan burinku shi ne ku shiga ruwa a duk lokacin da kuka ga dama, to ku nufi ƙuryar arewacin babban tsibirin, wanda mutanen wurin ke kira Unguja, wato garuruwan Nungwi da Kendwa, masu nisan kimanin kilomita 60 daga birnin Zanzibar. A can gaɓar tana da zurfi kusa, ruwan ba ya gudu da nisa, kuma daga nan ake ganin faɗuwar rana sosai. Amma ya kamata in gaya maka gaskiya tunda da amarya za ka je: Nungwi da Kendwa su ne matattarar baƙi masu kiɗa da raye-raye da shaye-shaye har tsakar dare, kuma shigar da za ku gani a bakin ruwa ba wadda kuka saba da ita ba ce. A ganina, ma'auratan da ke son natsuwa sun fi dacewa da Jambiani ko Bwejuu ko Matemwe, su haƙura da jiran ruwa, domin janyewar tekun da abokinka ya yi wa kallon asara ita ce abin kallo mafi daraja a gabashin tsibirin.

Da zarar ruwa ya ja baya, sai ka ga mata sun fito daga cikin gari ɗaure da zannuwa, suna tafiya a cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba har zuwa gonakinsu. Gonakin kuwa turaku ne gajeru da aka kakkafa a cikin rairayi, an ɗaura igiyoyi a tsakaninsu, a jikin igiyoyin kuma an ƙulla ƙananan rassan ciyawar teku. Mace za ta zauna dirshan a cikin ruwan, ta kwance waɗanda suka nuna ta cusa a buhu, ta ƙulla sababbi, sa'an nan ta jawo buhun zuwa tudu tun kafin ruwa ya dawo, a shanya ciyawar a rana kafin a sayar wa masu fitar da ita waje, inda ake sarrafa ta a kayan abinci da man shafawa. An fara wannan noma a matsayin sana'a a Zanzibar a shekarar 1989, kuma har yau galibin masu yin sa mata ne. Kada ku ɗauki hotonsu sai da izini. Ku kuma sa takalman roba masu kaurin ƙasa, domin a cikin ramukan duwatsun akwai bushiyar teku, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi waɗanda ke karyewa a cikin tafin ƙafa, su hana mutum taka ƙasa har ƙarshen hutunsa. Idan kun yi nisa, ku riƙa waiwaye, saboda ruwan yana dawowa da saurin da baƙo ba ya zato.

Game da wata, ka duba da wane watan Bature lokacin bikin zai dace. Babbar damina a can tana sauka daga Maris zuwa Mayu, ta fi ƙarfi a Afrilu, har wasu otal-otal sukan rufe, sa'an nan akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba ne lokacin da ya fi daɗi, ga ƙarancin ruwan sama, ga iskar kudu mai sanyaya gari, ko da yake tana iya tayar da igiyar ruwa ta wahalar da masu shiga ƙaramin jirgi. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai zafi da tsadar masauki.

Ta fuskar addini ba za ku sha wahala ba, domin mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai suna ko'ina, abincin gari kuma halal ne. Abin lura shi ne alƙibla: Zanzibar tana kusan daidai kudu da Makka, don haka arewa ake fuskanta a yi salla. Agogonsu yana gaba da namu da awa 2, kuma masu magana da Swahili suna fara ƙirga sa'o'in yini daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a bakinsu, saboda haka idan kun yi alkawari da mai kwale-kwale ka nuna masa lokacin a fuskar wayarka. A bakin ruwa za ku haɗu da samari masu tallar yawon buɗe ido, waɗanda ke tare baƙo kamar yadda 'yan kamasho ke tare fasinja a tashar mota. Ka amsa gaisuwarsu da mutunci, amma kada ka ba kowa kuɗi a hannu sai ka ga jirgin da rigunan ceton da ke cikinsa. Takardu kuwa ka fara nemansu da wuri. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar 1964, don haka bizar Tanzaniya za ka nema tun daga gida, tare da katin shaidar rigakafin cutar shawara, kuma tun watan Oktoba na 2024 hukumomin tsibirin sun wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin gwamnatinsu. Masu tashi daga Legas sukan bi ta Adis Ababa ko Nairobi.

TAMBAYA: Ni uwa ce mazauniyar Agege. Maigidana ya yi wa yaranmu alkawarin kai su Zanzibar a dogon hutun makaranta, su kuwa babu abin da suke ambato sai zaki da giwa. Waɗanne dabbobi za su gani a can, kuma babu haɗari ga ƙananan yara?

AMSA: Hajiya, gara ki fara shirya zukatan yaran tun yanzu, domin babu zaki, babu giwa, babu raƙumin dawa a dazukan Zanzibar. Waɗannan suna can babban yankin Tanzaniya, a gandayen daji irin su Serengeti da Mikumi da Nyerere, kuma zuwa can wata tafiya ce dabam mai nata kuɗin. Ko damisar da tsibirin ya taɓa mallaka, masana da dama suna ganin ta ƙare. Ƙaramin tsibiri irin wannan ba ya ɗaukar manyan namun dawa masu buƙatar fili mai faɗi, amma yana da wata baiwa: dabbar da ruwa ya raba da 'yan uwanta shekaru dubbai takan sauya kama har ta zama iri na musamman da ba a samun sa a ko'ina.

Misalin haka shi ne birin kolobas mai jan baya, wanda asalinsa na Unguja ne kaɗai, kuma ƙidayar da aka yi ta nuna cewa waɗanda suka rage ba su kai 6,000 ba. Wurin ganinsa shi ne dajin Jozani, mai nisan kimanin kilomita 35 daga birni a kan hanyar Paje, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a shekarar 2004. Ba jan birin da muka sani a Arewa ba ne. Wannan yana da baƙar fuska mai ɗan ruwan hoda a hanci da leɓe, da farin gashi tsaye a goshi, bayansa ja, cikinsa fari. Ki ce wa yaran su dubi hannunsa da kyau lokacin da yake tsinkar ganye, za su ga yatsu huɗu ne dogaye, babban yatsan kuwa ɗan guntu ne da ba ya amfani da shi. Abincinsa ɗanyen ganye ne da 'ya'yan itatuwan da ba su nuna ba, kuma an lura cewa waɗanda ke zaune kusa da gonaki suna cin gawayi, har sukan ɗauke shi daga wurin masu ƙona itace, abin da masu bincike suka danganta da rage dafin da ke cikin ganyen mangwaro da makamantansa. Sun saba da mutane ƙwarai, sukan sauko reshen da ke daidai kan mutum, kuma a nan ne aikinki yake. Kada yaro ya miƙa musu abinci ko ya kai hannu, domin cizon biri yana iya jawo doguwar jinya, su ma kuma murar ɗan Adam tana kama su. Ku je da sassafe, kafin motocin baƙi su cika wurin. Bayan birai, ɗan jagora zai bi da ku ta wata gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, irin waɗanda ake gani a gefen ruwan Badagry da Epe, inda ƙananan kaguwa ke fitowa daga ramukan taɓo idan ruwa ya janye.

Wuri na biyu da zai burge su shi ne tsibirin Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku, tafiyar kusan rabin awa a kwale-kwale daga birni. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursunoni a cikinsa ba, sai aka mayar da shi wurin killace matafiya masu cututtuka masu yaɗuwa. Abin da ke kai mutane can a yau shi ne manya-manyan kunkuru, zuriyar guda huɗu da gwamnan mulkin mallaka na tsibiran Seshels ya aiko kyauta a 1919. Namijin da ya ƙasaita yakan haura kilo 200, kuma suna rayuwa fiye da shekara 100. Ba sa faɗa, amma bakinsu yana da kaifi, saboda haka a kula da yatsun yara, kada kuma a bari wani ya hau bayansu don ɗaukar hoto.

Haɗarin da ya fi damuna ga yara ba na dabba ba ne. Na farko shi ne jirgin ruwa: kada ku shiga wanda ba shi da rigar ceto daidai jikin yaro, domin rigar babba tana zamewa ta kan ƙaramin yaro da zarar ya faɗa ruwa. Na biyu rana ce, wadda farin rairayi ke maido da haskenta fuska, har baƙar fata ma tana ƙonewa ta saɓule. Ku tanadi huluna da ruwan sha, ku nemi inuwa daga hantsi zuwa la'asar, ku kuma kwana a cikin gidan sauro kamar yadda kuke yi a gida.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Idi-Araba. Na ga bidiyon mutane suna iyo tare da dabbar tekun nan da ake kira dolfin a Zanzibar, ni kuwa ban iya ruwa ba. Zan iya zuwa? Kuma ya halatta in tsinto kwansunan teku da murjani in kawo tsaraba?

AMSA: Malama, za ki iya zuwa ki kalle su daga cikin jirgi sanye da rigar ceto, kuma a ra'ayina wannan ya fi shiga ruwan. Ana fita neman su da asuba daga ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin tsibirin, ko kuma a kewayen tsibirin Mnemba a arewa maso gabas. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne jirage masu yawa da ke rufar wa garke guda da ƙarar injuna, baƙi suna ta tsalle a kansu, alhali dabbobin sun shigo wurin ne su huta ko su shayar da 'ya'yansu. Ki tambayi mai jirgi tun a tudu ko yana rage gudu ya tsaya daga nesa. Wanda ya yi miki alkawarin cewa lalle za ki taɓa su, ki nemi wani. Babu kuma tabbacin ganinsu, domin wata rana a gan su cikin minti kaɗan, wata rana a dawo hannu rabbana. Idan kin je Kizimkazi kada ki wuce tsohon masallacin Dimbani, wanda ke ɗauke da tsohon rubutun Larabci irin na Kufi mai tarihin shekara ta 500 bayan Hijira, daidai da 1107.

Batun tsaraba kuwa, ki bar na teku a teku. Murjani halitta ce mai rai, kuma duwatsunsa ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa tun daga nesa, shi ya sa gaɓar take kwance. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta 1973 ta taƙaita cinikinsa, ta kuma haramta cinikin ƙoƙon kunkurun teku, kuma jami'an filin jirgi suna iya ƙwace irin waɗannan kaya su ci mutum tara. Haka nan halittar nan mai siffar tauraro da ake ɗagawa sama don hoto, fitar da ita daga ruwa yana iya kashe ta. Ki shiga kasuwar Darajani ki sayi kanumfari da kirfa da masoro, waɗanda da su aka san tsibirin tun zamanin sarakunan Oman, kuma mutanen gida za su fi yi miki godiya a kansu.

TAMBAYA: Ni ɗan canji ne a tsibirin Legas. Wani abokin hulɗata ya ce mini Sao Tome ta fi kusa da mu kuma ta fi Zanzibar kyau. Shin gaskiya ne?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Batun kusanci gaskiya ne, domin idan aka ja layi miƙe, nisan Legas zuwa Sao Tome bai kai nisan Legas zuwa Kano ba. Amma kusanci a taswira dabam yake da sauƙin zuwa, saboda jiragen da ke sauka can kaɗan ne, yawanci sai an yada zango a wata ƙasa, kuma kuɗin tikitin yakan ba mutum mamaki. Batun kyau kuwa ya danganta da abin da ka fita nema. Ƙasar tsibirai biyu ce manya, Sao Tome da Principe, waɗanda aman wuta ya tayar daga ƙarƙashin teku, ta samu 'yancin kai daga Fotugal a ranar 12 ga Yuli, 1975, kuma harshen Fotugal ake yi, don haka Turancin Ingilishi ba zai kai ka ko'ina ba a wajen manyan otal-otal. Maimakon shimfiɗaɗɗen fili da farin rairayi, a nan tsaunuka ne da dazuka masu duhu da ƙoramu masu gangarowa, ga gaɓoɓi ƙanana a ɓoye tsakanin baƙaƙen duwatsu, inda za ka iya wuni ba ka ga baƙo ko ɗaya ba.

Tsauni mafi tsawo ya kai mita 2,024, amma wanda ya fi ɗaukar ido shi ne Pico Cao Grande a kudancin tsibirin, wani dutse siriri da ya miƙe tsaye daga tsakiyar daji har mita 663 daga doron teku, wanda sau da yawa gajimare ke rufe kansa, sai mai haƙuri ke ganinsa gaba ɗaya. Yana cikin gandun dajin Obo, mazaunin tsuntsaye fiye da iri 20 da ba a samun su a wata ƙasa. Kada ka shiga wannan daji ba tare da ɗan jagora da takalmi mai rufe ƙafa ba, domin akwai baƙin kumurci mai mugun dafi. Can ƙarshen kudu akwai ɗan tsibirin Rolas, wanda layin da ya raba duniya gida biyu ya ratsa ta cikinsa, an kuma kafa alama a wurin. Shi kuwa Principe, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2012, a wata gonar koko tasa mai suna Sundy ne masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hotunan husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, waɗanda suka gaskata hasashen masanin kimiyya Albert Einstein cewa haske yana lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana.

A nan ma dabbobin ke yanke maka lokacin tafiya. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu kunkurun teku suna fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai a gaɓoɓi irin su Jale, kuma masu gadin wurin ba sa yarda a haska su da tocila mai farin haske ko a tsaya a gabansu, saboda uwar takan fasa ta koma ruwa. Daga Yuli zuwa Oktoba kuma ake hango manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel suna wucewa, lokacin da ya yi daidai da rani a can, wanda ke kamawa daga Yuni zuwa Satumba. Ka ga ke nan da wuya tafiya guda ta haɗa maka duka biyun, sai ka zaɓa. Mafi yawan mutanen ƙasar Kiristoci ne kuma ana cin naman alade, don haka ka tsaya ga kifi da ayaba da sauran 'ya'yan itatuwa, waɗanda suke a wadace. Tunda sana'arka ce, ka san amfanin riƙe tsabar kuɗi: kuɗinsu dobra an ɗaure shi da yuro, kuma ba ko'ina kati yake aiki ba. Idan da iyali da ƙananan yara za ka tafi, Zanzibar ta fi sauƙi. Idan kai kaɗai ne ko da abokai masu jure tafiyar ƙafa a cikin laka, abokin hulɗarka bai yi ƙarya ba.

TAMBAYA: Ni direba ne a kasuwar Mile 12, ba ni da halin hawa jirgin sama. Akwai inda zan kai iyalina a nan Legas su ga teku da dabbobi ranar hutu?

AMSA: Akwai, Malam, domin ita kanta Legas garin tsibirai ce. Mafi dacewa da iyali shi ne Tarkwa Bay, wanda ba a zuwa sai ta jirgin ruwa daga Marina ko Ikoyi ko Victoria Island, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Dalilin da ya sa na fifita shi shi ne katangar duwatsun da aka jera don kare mashigar tashar jiragen ruwa, wadda ke rage ƙarfin igiyar ruwa a wannan lungu, ga kuma manyan jiragen dakon kaya da ke wucewa kusa, abin da yara ba sa gajiya da kallo. Ku shiga jirgi a tasha mai rajista, kowa ya sa rigar ceto ya ɗaure ta, kada ku yarda a yi muku lodin da ya wuce kima, kuma ku juyo tun rana ba ta faɗi ba.

Domin ganin dabbobi, ka kai su cibiyar kare namun daji ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta kafa a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78. Akwai hanyar katako da ta ratsa cikin fadama da kurmi, akwai birai masu yawa da kunkuru da ɗawisu, wani lokaci har a hango kada, sa'an nan ga gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke lilo a saman itatuwa, wadda ya kamata ka tambayi ma'aikata kafin ka hau da yara. Biran wurin sun ƙware wajen fizge leda daga hannun baƙo, saboda haka a ɓoye abinci a cikin jaka. Idan kana da wuni guda cur, Badagry ma tana da tsibirin Gberefu, inda ake tsallaka ruwa a taka da ƙafa har bakin tekun da aka riƙa loda bayi zuwa ƙasashen waje. A ruwayen wannan yanki har yanzu akwai ayu, ko da yake ganinsa sai an dace, kuma doka ta hana farautarsa, abin da ya kamata masu sayen mansa su sani.

Gargaɗina mafi girma a kan sauran gaɓoɓin da ke fuskantar Tekun Atilantika kai tsaye ne, irin na yankin Lekki da Ajah. A nan babu duwatsun murjani da ke tare igiyar ruwa, tana zuwa da dukkan ƙarfinta, kuma ruwan da ta turo tudu yakan tattaru ya koma teku ta wata siririyar hanya mai ja da ƙarfin gaske. Abin yaudarar shi ne wannan hanya takan fi ko'ina kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta fashewa a kanta, sai dai ruwan ya ɗan yi duhu ko ya gauraye da yashi. Wanda bai iya ruwa ba kada ya bari ruwa ya wuce gwiwarsa, kuma mata su sani cewa doguwar riga da hijabi suna yin nauyi idan sun jiƙe, su naɗe ƙafafu. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa tudu kai tsaye, domin gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu a gan shi, idan kuma ya iya iyo ya yi gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga hanyar. Na tudu kuma kada ya faɗa ceto da hannu banza, ya kira masu aikin ceto, ya jefa masa jarka ko wani abu mai tasowa a ruwa. Ku fi zuwa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da teku ya fi kwanciya, ku guji watannin Yuni zuwa Satumba da yake hauka, kuma ku zaɓi gaɓar da ke da masu aikin ceto a bakin aiki ko da kuɗin shigarta ya ɗan fi yawa.